Ni na kashe mata aiki, ita kuma za ta yi mini takwara

Assalamu alaikum Admin da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Na san wasu za su zage ni, ban hana ba, amma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni 'yar Potiskum ce, shekarata arba'in da uku. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki da wani kamfanin ƙasar waje mai sayar da magungunan dabbobi. Lokacin da na shiga ni kaɗai ce mace a ofis. In an zauna mitin ni ake turawa in haɗo shayi, in muka je kasuwar shanu dillalai su tsallake ni su gaisa da direba. Ba wanda ya koya mini komai. Haka na cije har na zama mai kula da wakilanmu na Yobe gaba ɗaya.

Shekara uku da suka wuce aka ɗauki wata yarinya daga Danchuwa, bari in kira ta Altine, aka ce ni zan horar da ita. Babanta makiyayi ne, ta san saniya ciki da waje, ga Fulatanci a bakinta. Dillalan da suka shekara suna raina ni sai ga su suna tambaya, "Hajiya, ina 'yar Fillon nan taku?" Ina dariya, amma abin yana ci na a rai. Ita kuwa baiwar Allah, komai "Anti ce ta koya mini."

Sai uwar kamfani ta fito da shirin horar da mata shugabanci. Wata shida a Nairobi, wadda ta dawo a ba ta shiyyarmu ta riƙe. Sharaɗin kada ta wuce shekara talatin da biyar. Wato ni an rufe mini ƙofa ke nan? Yarinyar da na koya wa rubuta rahoto ita zan riƙa ce wa ranki ya daɗe? Ina shirin nan yake lokacin da nake ɗaukar tiren shayi?

Ta shigo ofishina har tana tuntuɓe. "Anti, sun kira ni intabiyu! Me zan ce musu?"

Na ce, "Zauna ki ji. Mutanen nan ba sa son mai cika baki. Ki sunkuyar da kai. Duk abin da suka yaba, ki ce ba ke ba ce, aikin kowa ne. In suka ce za ki iya shugabantar maza, ki ce sai an gwada."

Ta rubuta a littafinta kalma bayan kalma. Alhali na san akasin haka suke nema, don an turo mini takardar da zan shirya ta da ita, na kulle a durowa.

Ban tsaya nan ba. Altine tana da sikila. Na sani ne wata rana muna dawowa daga Damagum ciwon ya tashi mata a mota, ta damƙe hannuna tana cewa, "Anti, ki rufa mini asiri, kada ofis su ji." Na rantse mata. Da aka nemi in rubuta takardar shaida a kanta, na cika shafi guda da yabo, sannan a ƙarshe na sa cewa ina tsoron lafiyarta, ciwo yana yawan kwantar da ita. Ƙarya ce, sau biyu kawai ta taɓa fashin aiki. Na karanta takardar sau uku ina gyara Turanci. In faɗa muku gaskiya, daɗi na ji da na tura.

Ba a ɗauke ta ba. Aka cire ta daga fita kasuwa aka mayar da ita sito, wai don lafiyarta, da wa'adin kwantiraginta ya cika aka ƙi sabuntawa. Ranar da za ta tafi ta kifa kai a kafaɗata tana kuka. "Na ba ki kunya, Anti, bayan duk wahalar da kika sha a kaina." Kun san me na ce mata? "Ai dama Turancinki bai nuna ba, ki je ki gyara." Wace irin zuciya gare ni? Wadda aka kawo mana shugaba daga Ibadan take, ba ta kai Altine shekaru ba, ni nake yi mata tafinta. Ni kuma kamfani ya ba ni lambar yabo ta horar da mata, har da hotona a bango.

Wata goma ke nan Altine tana gida. Duk inda ta nemi aiki sunana take sawa a matsayin mai tsaya mata. Ranar Lahadi mijinta ya kira ni, ya ce ta haihu da ƙyar, sai da aka ƙara mata jini, an samu mace. Ya ce, "Hajiya, sunanki za a sa. Ta ce bayan mahaifiyarta ba ta da kamarki."

In na faɗa wa kamfani gaskiya wataƙila su mayar da ita, amma ni kora ce, ga 'ya'ya uku a kaina, kuma garin nan kafin magariba kowa ya ji. In na faɗa mata ita kaɗai, da ɗanyen jego da wannan ciwon, in wani abu ya same ta fa? Abin da ya fi ba ni tsoro, har yau in na tuna cewa da an ɗauke ta, da yanzu ita ce ogata, sai in ji nadamar tawa ba ta cika ba.

Suna jibi ne. Za su miƙo mini jaririyar a gaban mata su ce ga takwararki. 'Yan uwa, ni yanzu me zan yi?