Kitsen da Surukata Ta Shafa wa Igwa

Daga gida, watan Yuni, 1900

Zuwa ga yayata Seipati,

Ina gaishe ki da kyau da kyau, gaisuwar wadda ta daɗe tana ƙishin jin muryarki. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sa sanyin duwatsun ƙasar Basotho bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan mun gode Allah. Maburu, Turawan nan da suka kewaye mu da yaƙi, sun kwashe tantunansu sun tafi, hanya ta buɗe, jirgin ƙasa ya shigo da masara. 'Yata Ntebo ta rame amma bakinta bai rame ba, ƙaninta kuwa ya fara tafiya a cikin ramin da muke ɓuya, shi ya sa har yau in ya fito fili sai ya tsaya yana kallon sama kamar baƙo. Mun ci naman doki, Yaya, kuma kada ki tambaye ni ko da daɗi.

Abin da ya sa na matsu in rubuto miki shi ne maganar mijina Seleka, don na san in labarin ya riga ni isowa, zai iso ne da ƙari. Saura ƙiris da baƙaƙen tufafin takaba zan zauna in yi miki wannan rubutu.

Kin san tun da Ingilishi da Maburu suka fara yaƙinsu aka rufe garin nan da mu a ciki. Maburu suna da wata ƙatuwar igwa a kan tudu, kullum sai ta gaishe mu, ban da Lahadi, don su ma wai masu ibada ne. Namu sojojin kuwa 'yan igwoyinsu ko rabin hanya ba sa kaiwa. Sai shugaban maƙerar jirgin ƙasa inda Seleka ke aiki, wani Bature da ma'aikata ke kira Jan Gemu, ya ce to su ma za su ƙera tasu. Suka ciro wani bututun ƙarfe daga mataccen inji, suka riƙa gasa zobban ƙarfe suna zura masa suna duka, suka toshe gindinsa, suka ɗora shi a kan ƙafafun keken shanu. Seleka ne mai babbar guduma. In ya dawo gida ba shi da hira sai ta igwa, faɗinta kaza, nauyinta kaza, har na ce masa ya ɗauki bargonsa ya koma can ya kwana da ita, in ta iya dama kunu sai ta dama masa.

Dariyata ta ƙare ranar da ya gaya mini dokar Jan Gemu: wanda ya ƙera abu shi ke fara gwada shi. Lagwanin da suka samu gajere ne, don haka mutum zai kunna ne ya faɗa bayan buhunan yashi nan kusa da ita. Jan Gemu zai tsaya a dama, Seleka a hagu da wuta a hannu. Na yi kuka, na yi faɗa, na daina yi masa magana, na dawo na sake yin faɗa. Shi kuwa sai murmushi, wai in kwantar da hankalina, zoben da ya daka ba ya tsinkewa. Na ce, “Kai da zobenka! In ta tashi da kai, zoben ne zai yi mini noma?” Wallahi Yaya, tsoro ya hana ni cin ɗan abin da ake samu ma.

Surukata Mma-Seleka ba ta ce uffan ba, kuma kin san in tsohuwar nan ta yi shiru to akwai abin da take dafawa. A coci babu mai ɗaga murya a waƙa kamarta, amma ƙahon maganinta yana nan ƙarƙashin tabarma. A wurinta, mashi ko bindiga ba ya fita gida sai an shafe shi da kitsen bijimi da tokar saiwoyi, haka aka yi wa na mijinta, haka aka yi wa na ubanta. Ashe duk yunwar nan da muka sha tana da kitse a ɓoye! Ranar gwaji ta karɓe kwanon abincin Seleka daga hannuna, wai ita za ta kai. Ta tarar an ɗura albarushi an gama shiri, maza sun koma inuwa suna ci. Ta zagaya ta shafe igwar nan tun daga baki har gindi, kamar yadda ake shafa wa jariri mai, ba ta bar lungu ba. Da ta ga 'yar hudar da ake zura lagwani, ta ce nan ne ma mugun abu zai shiga, ta danna kitse da ɗan yatsa har ya cika.

Mu mata muna tsaye can nesa bayan katangar dutse. Na ga Seleka ya zura lagwani, ya kunna, ya yi tsalle ya kwanta. Na rufe ido, na toshe kunne, ina kiran sunan Allah. Shiru. Na buɗe ido ɗaya, igwa tana zaune abinta, ɗan hayaƙi ya fito ya mutu. Jan Gemu ya ɗago kai ya hana kowa taɓa ta, ya ce igwar da ta ƙi tashi ba a matsa mata sai an jira. Ana cikin jiran sai ga muryar Mma-Seleka daga kusa da ni, ta cika fili, wai ai ba komai, magani ne yake ratsa ta, su ba ta lokaci, ita da hannunta ta cika mata kunne da kitse.

Da kin ga fuskar Seleka! Ya taso daga bayan buhuna ya nufo mu da sauri, yana cewa, “Mma, kin kashe ni! Aikin da muka sha wuya a kansa kika maida tukunyar miya?” Ta ce ya rufe mata baki, tun yana tsumma take shafa masa kitsen nan, ga shi ya zama ƙato. Jan Gemu ya tambayi abin da tsohuwa ke faɗi, aka fassara masa, fuskarsa ta yi ja ta fi gemun. Shi ma ya taso, sauran maƙera suka biyo shi don kada kallo ya wuce su. Ya tsaya yana zuba mata Turanci, tana zuba masa namu, babu mai jin wani, kowa kuma yana ganin shi ke da nasara.

Sai ƙasa ta girgiza. Ashe wutar ba ta mutu ba, tana can tana cin kitse a hankali har ta kai ga albarushi. Gindin igwar ya tarwatse, ƙafa ɗaya ta keken ta tashi sama ta sauka a kan rufin maƙera. Da ƙura ta lafa muka je muka duba. Buhunan da Seleka ya kwanta a bayansu babu ko ɗaya, sai rami da wani guntun ƙarfe mai tsawon hannuna a kafe daidai inda ƙirjinsa yake. Gefen Jan Gemu ma haka. Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafar wandon mijina a gaban jama'a, ina kuka ina dariya, ban ji kunyar kowa ba. Daga baya suka gano bututun ne ke da tsaga a ciki tun asali, ko da kitse ko babu kitse sai ya fashe. Zoben Seleka kuwa ko ɗaya bai tsinke ba, kuma ba ya gajiya da tuna mini.

Jan Gemu ya daɗe tsaye a bakin ramin. Can ya cire hularsa ya zo gaban tsohuwa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a gaya masa ya riƙa jin maganar manya. Yanzu ba a iya zama da ita, Yaya. Duk wanda ya shigo sai ya ji yadda ta hango abin tun da nisa, alhali ni ina kusa da ita, da ƙarar ta tashi ita ta fara kwanciya. Ban ƙaryata ta ba, kuma ba zan ƙaryata ta ba har abada. Ruwan wankanta ni ke ɗora mata yanzu, ba sai ta tambaya ba. Da suka ƙera igwa ta biyu, doguwar igiya suka sa aka ja daga cikin rami, ta kuma tashi lafiya. An sa mai gadi musamman saboda Mma-Seleka, amma Jan Gemu ya aiko a asirce, wai in ba damuwa ta zo ta shafa wa ƙafafun keken kawai.

Ki gaishe mini da maigidanki Rra-Thuso, da Thuso, da 'yar autarki Dikeledi, ki ce mata innarta tana ajiye mata ɗan ƙarfen igwa ta yi wasa. Ki gaida gwaggo Mosidi in har yanzu tana wurinku. Mma-Seleka tana gaishe ki, Ntebo tana gaishe ki. Seleka ma ga shi nan zaune a gabana yana gyaran fartanya, ya ce in gaishe ki. Na sa ya maimaita, ba don ban ji ba.

Taki ƙanwa har kullum,
Kedibone