Wanda Ke Taɓa Mini Allo

Litinin, 3 ga Maris

An taɓa mini allo. Na rubuta "KAR A GOGE" da manyan baƙaƙe, ba a kuwa goge ba, ƙari aka yi. Wata 'yar alamar ɗebewa a gaban Y ta biyu a lissafina, ƙarama, da alli mai ruwan ɗorawa. Ni fari nake amfani da shi. Na share ta da babban yatsa.

Mu biyu ne da makullin ofishin nan: ni da Sabuwa, malamar da aka ɗauka bana. Ɗalibata ce a da. Ni na koya mata wannan fanni tun ba ta san hagu da dama a cikinsa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ta dawo. Alamar, wato.

Alhamis, 6 ga Maris

Maman yara ta ce na zama kamar mai gadin kasuwa, kowa ɓarawo ne a idona. Ta ce, "To wai me ke kan allon nan da za a sace, Malam?"

Na yi mata bayani tana ninke kaya. Akwai wasu siffofi da muke nazari, ana haɗa su kamar yadda ake tara lambobi, sunan abin rukunin kobodizim na homoloji. Kowace siffa in ka haɗa ta da hotonta na madubi, sifili za ka samu. Wannan ko ɗalibin bara ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne ko akwai siffar da ba sifili ba ce, amma in ka haɗa ta da kanta, ita da ita, ta ba da sifili. Ni na samo. Y ɗina ke nan, wadda ake ginawa daga zanen ƙullin igiya. Ranar Alhamis mai zuwa zan gabatar a taron sashe, har da baƙi daga wasu jami'o'i.

Ta ce, "Kamar safa ke nan, ƙafar hagu da ta dama duk ɗaya?" Na ce ba haka ba. Daga baya na ga ba ta yi nisa sosai ba, amma ban gaya mata ba.

Alamar ɗebewar nan ma'anarta Y ta biyu ta madubi ce. Wato aikina na shekaru shirme ne. Duk wanda ya sa ta ya san inda zai soka.

Asabar, 8 ga Maris

Me take so? Ko ta rikita ni in fasa, ita ta fitar da abin da sunanta. An sha yi. Jiya na lura ta tsaya kallon allon tana riƙe da kofi har shayin ya huce. Da na ɗago sai ta ce, "Malam, daga wane littafi kuka ɗauko zanen ƙulli na biyu?" Na ce tsohon, mai koren bango. Ta ce, "Oho." Oho kawai! Ta buɗe baki za ta ƙara, ta rufe, ta sunkuyar da kai.

Wannan ladabin nata ma ya fara yi mini yawa. Gaisuwa har da rusunawa, ga alli a jaka.

Litinin, 10 ga Maris

Na kai ƙararta wajen shugaban sashe. Na ce ana yi mini katsalandan a aiki, kuma na san ko wane ne. Ya ce, "Malam, ka tuna ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna, irin wannan magana tana bin mutum." Na ce ni ma sunana yana bin ni. Ya ce zai kira ta.

Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Talata, 11 ga Maris

Ba ta zo ofis ba. Allo lafiya lau, ba wanda ya taɓa.

Da rana, don in toshe bakin kowa ranar taro, na zare igiyoyin takalmina na ɗaura ƙulli biyun a kan tebur. Kowace Y daga ƙulli ake gina ta. Na farko daga zanena, na biyu daga koren littafi. Na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Inda igiyata ta bi ta sama, ta littafin ta bi ta ƙasa. Na ce kuskuren ɗauri ne, na kwance na sake. Haka dai. Na buɗe gabatarwar littafin, wadda ban taɓa karantawa ba, don wa ke karanta gabatarwa? Ga shi a fili: marubutan suna zana komai da juyin hagu, akasin yadda ake yi yanzu.

Na haɗa Y da hotonta na madubi na sami sifili. Abin da ɗalibin bara ya sani.

Na daɗe zaune, takalma a buɗe. Kunya ce ta fara zuwa, sai haushi. Me ya hana ta faɗa da baki? Sai na tambayi kaina yaushe rabon da wani ƙarami ya ce mini na yi kuskure bai sha faɗa ba. Ban tuna ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ce wa masu taro ciwon maƙogwaro nake yi. An ɗage taron.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je wajen shugaba in janye maganar. Ya ce ya riga ya kira ta, ba ta musa ba, ba ta kuma kare kanta ba. Abin da ta roƙa kawai a sauya mata ofis, ya kuwa ba ta ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda. Na ce kar a rubuta komai a kanta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to.

Teburinta fayau. Wai har kofin ta tafi da shi.

Lambar shaidar da na ƙirƙiro don nuna Y ba sifili ba ce, ina jin ita tana nan da ranta. Ina jin. Yanzu ban yarda da "ina jin" ɗina ba.

Bayan azahar na ƙwanƙwasa ƙofarta da takardun a hannu. Na ce akwai wurin da ban gane rubutuna ba, ko za ta duba. Ina gane rubutuna sarai. Ta miƙe, ta karɓa da hannu biyu, ba ta kalle ni ba.

"Ku dawo Litinin, Malam."

Ni za a ce wa in dawo Litinin.

Litinin da safe zan je, kafin ta shiga aji.