Na Kai Ƙarar Taubashina, Yanzu Ya Daina Tsokanata

Gwaggo Laure, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Kwana tara suka rage mini, kuma a duk garin nan babu wanda zan iya buɗe wa cikina, domin kowa ya riga ya yanke mini hukunci. Shi ya sa na rubuto miki daga nesa, inda ba a san ni ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni Bazabarmiya ce, shugabar wata makarantar sakandare a ƙasarmu ta Zabarma. Asalina 'yar yankin ce, amma a Yamai na tashi, can na yi karatu, can na yi koyarwa shekara goma sha huɗu. Bara aka turo ni nan, kuma ni ce mace ta farko da ta taɓa riƙe makarantar. Na tarar da ita a kwance. Cikin yara tamanin da huɗu da suka zauna jarrabawar ƙarshe, goma sha ɗaya kawai suka ci. Sai ofishin ilimi ya ba da umarni a tsara shirin gyara na shekara uku, a yi shi tare da malamai da iyaye da wakilan ɗalibai, kowa ya sa hannu.

Bari in fara da laifina tun kafin ki gano shi da kanki. Na kafa kwamitin mutum goma sha biyar, amma kafin su zauna ko sau ɗaya na riga na rubuta shirin ni kaɗai, shafi talatin da biyu. Na karanta musu. Ina gama kowane sashe sai in ɗaga kai in ce akwai mai magana? Sai su haɗa baki su ce "a boori", wato ya yi kyau. Zama huɗu muka yi, ban ji wata kalma ba sai wannan. Na riƙa komawa gida ina jin daɗi, ina cewa ashe shugabanci ba shi da wuya.

Akwai malamin lissafi, zan kira shi Malam Gumur. Buzu ne, shekararsa goma sha tara a makarantar, kuma shi kaɗai ke koyar da lissafi a ajin ƙarshe. Kin san tsakaninmu da Buzaye akwai wasan taubasai. Tun ranar da na iso ya sa ni a gaba. Ba ya kirana da komai sai "mai kopto", saboda kopto, dambun zogalen da muke ci. Kullum da hutun ƙarfe goma yana dafa shayi a gindin bishiyar tsakar makaranta, sai ya kawo mini kofi na uku har ofis, wanda ya riga ya salance, ya ce, "Ungo, na ukun na yara ne da Zabarmawa." Ni kuma in ce masa ya je ya yi wanka tukuna, ruwa ba ya cizo. Wallahi a watannin farko, lokacin da sauran malamai maza ke kallona a kaikaice suna jiran in faɗi, wannan kofin ne kaɗai ke sa in ji ni ma 'yar gida ce.

Ranar zama na biyar sufeto ya zo daga ofishi don ya ga inda muka kai. Na yi kwalliya, na karanta sashen da na fi alfahari da shi: ƙarin darasi kowace Talata da yamma, a rufe ƙofa ƙarfe takwas na safe, wanda ya yi fashi sau uku a kore shi. Na ce akwai mai magana? Ina jiran "a boori", sai Malam Gumur ya gyara rawaninsa ya dubi sufeto ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ga laifinta. Haka dambunsu yake, ganye tuli, gari kaɗan. Shafi talatin da biyu, amma babu ko ɗaya da ya san Talata kasuwa ce."

Gwaggo, ɗakin ya ɗauki dariya. Iyaye, malamai, har 'yan mata biyu wakilan ɗalibai suna rufe baki da gyale. Sufeto ma har da buga tebur. Na ga Malam Gumur ya karkato yana murmushi, yana jiran in rama kamar yadda muka saba. Da a gindin bishiya ne da na ba shi amsa uku kafin ya sauke numfashi. Amma a wurin, gaban mutumin da zai rubuta rahoto a kaina, sai na ji kamar an tuɓe mini ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na rufe takarduna na ce taro ya tashi. Da na raka sufeto mota, shi ma sai ya ce, "Sai an jima, mai kopto." Wannan ne ya ƙarasa ni.

Washegari na ba Malam Gumur takardar tuhuma, ya yi bayani a rubuce. Ya mayar da layi ɗaya: "Wasa ne, taubashiya." Raina ya ƙara ɓaci, na haɗa da rahoto na aika ofis, na ce yana raina shugabanci a gaban ɗalibai. Ni a zatona za su ja masa kunne ne kawai. Bayan mako uku sai na ji an sa sunansa cikin waɗanda za a sauya wa wurin aiki, can wata makaranta mai nisa, a tsakiyar shekara. Sa hannun darakta kawai ake jira.

Tun daga nan komai ya tsaya. Na kira zama na shida, mutum uku suka zo. Na je gidan shugaban iyaye, Alfa Tinni, dattijo ne da ya san kakana. Ya amsa gaisuwa, ya sa aka kawo mini ruwa, na miƙa masa takardar sa hannu, ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "'Yata, wadda ta kai taubashinta gaban hukuma, mu da ba mu da wasa da ita ina za ta kai mu?" Mahaifiyata ma labari ya kai mata Yamai. Ta kira ni ta ce, "Da hannunki kika rubuta?" Na ce e. Ta ce, "To," ta kashe waya, yau kwana shida ba ta ɗauka.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne abin da wata malama ta gaya mini shekaranjiya. Ashe ba Malam Gumur ne ya ƙirƙiro maganar ba. Iyaye da malamai ne suka taru suka roƙe shi. Tun zaman farko sun san shirin ba zai yiwu ba, domin fiye da rabin yaranmu daga ƙauyuka suke, suna zaune a gidajen mutane. Ranar Talata ce iyayensu ke shigowa kasuwa su kawo musu gero, ranar kuma 'yan matan ke taya matan gidan da suke zaune riƙon rumfa, wadda ta ƙi sai ta nemi wani masauki. Babu wanda zai iya duban idona ya ce na yi kuskure, sai wanda al'ada ta hana in yi fushi da shi. Na je na buɗe rajistar shekara uku, na ga duk Talata azuzuwa rabi ne. Da an bi dokata, kafin hutun farko na kori yara sun fi ɗari.

Duk da haka, Gwaggo, ni ma ina da ciwo. Me ya hana shi ya same ni a ofis? Me ya sa sai gaban baƙo? Da namiji ne a kujerar nan, anya za a yi wannan dariyar? Yanzu idan na je na janye rahoton, ofis za su ce ban san abin da nake yi ba, malaman da ke jira kuma su ce dama mun faɗa. Idan ban janye ba, yara tamanin za su shiga jarrabawa babu malamin lissafi, kuma nan da kwana tara zan kai ofis shirin da babu sa hannun kowa sai nawa.

Shi kuwa Malam Gumur ya daina tsokanata. Idan na wuce yanzu miƙewa yake yi tsaye ya ce, "Ina kwana, Madam Shugaba," da ladabi kamar sabon ɗan makaranta. Ƙarfe goma na yi ina jin ƙamshin shayin ta taga, amma kofi ba ya zuwa. Wallahi na gwammace ya zage ni. Ki gaya mini abin yi, na rasa inda zan sa kaina.

Taki, Mai Kopto.

*

'Yata Mai Kopto,

Tun da har kika sa hannu da wannan sunan, na san ba ki yi nisan da ba za ki dawo ba. Share hawayenki, kwana tara sun isa idan ba ki ɓata uku a kuka ba.

Zan fara da naki gefen, domin kina da shi. Dariya a gaban wanda zai auna aikinki tana da zafi, kuma tambayarki kan ko za a yi wa namiji haka ba tambayar banza ba ce. Akwai masu fakewa da wasa su faɗa wa mace abin da ba za su faɗa wa ɗan'uwansu ba. Malam Gumur ya zaɓi rana mara kyau, kuma yana da kyau wata rana ya ji haka daga bakinki. Amma ki lura, shi a inda ya yi miki a nan ya tsaya yana jiran ramuwa. Ke kuma kika ɗauki maganar gida kika sa mata hatimi. Fushinki daidai ne, hanyar da kika bi da shi ce ta fi laifin girma.

Sannan babban kuskuren ya girmi ranar sufeto. Wanda aka kira taro aka karanta masa abin da aka riga aka gama, me zai ce in ba "a boori" ba? Mutanenki ba su ƙi ki ba. Sun nemo hanya mafi laushi da suka sani suka aiko miki da gaskiya. Ke ce kika kama ɗan aiken.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki tafi ofis da ƙafarki, ba waya ba, ba wasiƙa ba. Ki ce kin janye rahoton, kin yi shi cikin fushi, kuma makarantarki ba za ta iya rasa malamin lissafi a tsakiyar shekara ba. Ki tafi da rajistar Talata a hannu. Za su ɗan yi miki kallo, wataƙila wani ya yi tari. Wannan zai wuce cikin mako guda. Amma idan aka ɗauke mutumin nan, ko shekara ashirin kika yi a garin da wannan za a riƙa kwatanta ki. Ki fara da ofis, don kada ban haƙurinki ya zama kamar ciniki kike nema da sa hannunsu.

Daga nan ki koma wurin Alfa Tinni, kada ki riƙe takarda ko ɗaya. Ki ce masa kin yi kuskure, ya gaya miki abin da al'adarku ta ɗora wa wanda ya saɓa wa taubashi, kuma ki yi shi ba gardama. Ki roƙe shi shi ya kira taro, ba ke ba. Shafi talatin da biyun nan ki bar su a aljihun tebur. Iyaye su zauna daban, malamai daban, ɗalibai daban, musamman 'yan matan da ke zaman gidajen mutane, kowane rukuni ya kawo abu uku da ke hana yara karatu. Ke aikinki rubutawa. Shafi biyar da hannun mutum goma sha biyar a ƙasa sun fi abin da kike da shi yanzu. Idan kwanakin ba su isa ba, ki nemi ƙarin mako biyu, ba a kashe kowa a kan haka ba. Mahaifiyarki kuwa kada ki dame ta da kira, labarin da ya kai mata na farko shi zai kai mata na biyu.

Saura Malam Gumur. Kada ki kira shi ofis, kada ki yi masa jawabi. Ƙarfe goma ki ɗauki ganyen shayi da sukari ki tafi gindin bishiyar nan, a gaban malaman da suka yi dariya. Ki ce kin yi laifi, a taƙaice. Sannan ki dube shi ki tambaye shi ko dai tsoron ruwa ne ya sa ya daina wanke kofinki. Wataƙila ranar farko ya amsa miki da "Madam Shugaba". Ki jure, ki koma washegari, domin shi ma an ji masa ciwo, kuma ba ke za ki yanka masa ranar hucewa ba.

Ba zan yi miki alkawarin cewa komai zai koma yadda yake ba. Amma ranar da ya miƙo miki kofi na uku ya ce na yara ne da Zabarmawa, ki karɓa da hannu biyu, ki shanye, ki rama. Allah ya ba yaranku sa'a, ya daidaita tsakaninku, ya dawo miki da kofinki.

Gwaggo Laure