Ranar da Na Wanke Kwamfuta da Buta

Alhamis da dare, watan Sha'aban

Yau jikata Khadija, wadda ta fara rarrafe, ta yi fitsari a kan kwamfutata da na bari buɗe bisa tabarma. A cikinta akwai Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, kuma najasa ba ta gushewa sai da ruwa mai tsarki. Na ɗauki buta na zuba wa madannan haruffanta ruwa, na shanya ta.

Bayan La'asar na kunna. Rabin haruffan sun mutu, har da waɗanda nake buɗe ta da su. Bayanin zakkar noman rani, wanda na yi wa manoman Bunkure alkawarin karantawa gobe bayan Juma'a, yana kulle a ciki.

Ɗana Sani ya duba, ya ƙunshe dariya, ya ce, "Haba Baba, ai ba sallaya ba ce!" Mahaifiyarsa ma ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Su biyun nan, ni na karantar da su babin tsarki.

Har yanzu ban ga inda na saɓa wa littafi ba. Ga ta nan gefena, tsarkakakkiya, ko alif ba ta iya rubutawa.