Kada a Ƙara Juya Baba Kai Ƙasa

Yaya Tae-sik,

Ina gaishe ka da kyau. Ya Baba da Mama? An gama jiƙa kabejin kimchin bana? Ni lafiya lau nake a Osaka.

Mama ta ce min a waya maƙwabcinmu tsoho Pyo ya kawo wa Baba gadon ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafafu a juya mutum kai ƙasa, wai maganin ciwon baya. Hankalina bai kwanta ba. Yaushe Pyo ya fara kyauta? Da na yi wa Baba magana sai ya ce, “Ke ’yar nan, har tsawo na ƙara!” Na ce idanunsa fa? Sai ya koma zancen ruwan sama.

Na tambayi likitar gidan tsofaffin da nake aiki. Ta ce bayan yakan yi sauƙi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo. Amma mai hawan jinin ido irin Baba, hakan na iya lalata masa gani. Ashe ma, in ji Mama, Pyo ya daina hawa ne tun ranar da ya maƙale a kai, sai da matarsa ta kira mutane.

Don Allah ka je ranar Lahadi ka ɗauke gadon. In Baba ya yi faɗa, ka ce bayana ne ke ciwo, ni za ka aiko wa. Ba zai hana ba. Ciwon kam ba ƙarya ba ne, amma kada Mama ta ji.

Ƙanwarka,
Hye-rim