"Ba" Ɗin da Malama Take Haɗiyewa

Talata, 3 ga Yuni

Yau kwana tara da yi min aikin maƙoƙo, yau kuma aka cire zare. Maƙoƙon ya tafi, mun gode Allah, sai dai ya tafi da muryata. In na buɗe baki iska ce kawai da ɗan raɗa. Likita ya ce jijiyar murya ce ta taɓu wajen aikin, wani lokaci takan farfaɗo, wani lokaci kuma shi ke nan. Ya ce in ba ta wata uku, in koma ranar 2 ga Satumba ya duba. Na rubuta masa a takarda: waƙa fa? Ya ce mu samu magana tukuna.

Shekara ashirin da biyu ni ke ba da waƙa a cocinmu, jama'a na amshi. Likitan kuwa ya faɗi tasa yana neman murfin biro.

Na ɗauko littafin nan daga shagona, mai shafi tamanin, irin na 'yan firamare. Gabansa na hira da mutane ne. Bayansa nawa ne ni kaɗai, duk wanda ya leƙa shi da Allah.

Alhamis, 5 ga Yuni

Maigida ya ce shekara talatin yana roƙon Allah ya ba shi damar ƙarasa magana a gidansa, bai san ta nan amsar za ta ɓullo ba. Na jefe shi da matashi. Dariyar ma ba ta fita, kafaɗata ce kawai ke rawa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban je sujada ba. Auta ta dawo ta ce Malama ce ta ba da waƙa. Malamar lissafin sakandaren da ke kallon shagona, wadda ta shigo ƙungiyar mawaƙa shekara uku da suka wuce, take tsayawa a bayana. Auta ta ce ta yi ƙoƙari. Ni ban tambaye ta ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Masu dubiya sun cika falo. Matar Fasto ta riƙe hannuna ta ce Allah yana da shiri a kan wannan abu. Wadda ta zo bayanta ita ma haka, ta bayan wannan ma haka, sai ka ce sun haɗa baki a bakin ƙofa. Da hannuna ya gaji na rubuta AMIN da manyan baƙaƙe a shafi guda, kowa ta gama sai in ɗaga mata.

Abin da ya fi ci min rai, ni ma haka nake gaya wa mutane. Gidan rasuwa, gadon asibiti, ba inda ban kai maganar nan ba, da murmushina. Ashe nauyi gare ta in kai ake ɗora wa.

Ya Ubangiji, ban ce ba ka da shiri ba. Amma kai ka ba ni muryar, kuma kai nake yi wa aiki da ita. To me ya yi zafi?

Lahadi, 15 ga Yuni

Na naɗe wuyana da gyale na tafi. Benci na shida na zauna, kusa da taga. Rabona da zama a ƙasa tun ina goyon Auta.

Kuma duk waƙoƙin da ke duniya, sai Malama ta ɗauko tawa. Wadda na yi da kaina shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da babban ɗana ke kwance a asibiti. Mai bayarwa takan ce: "Ko da duhu ya rufe hanya, ƙafata ta gaza tafiya, ba za ka bar ni ba." Jama'a su amsa: "Kana nan, kana nan."

Murya kam tana da ita, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma numfashinta yana ƙarewa a kan "tafiya", sai ta tsaya jan iska, kafin ta dawo kiɗa ya wuce. "Ba" ɗin farko ya tafi cikinta. Abin da ya fito shi ne "za ka bar ni ba". A gaban bagade, sau huɗu, tana gaya wa Allah zai bar ta, jama'a kuma na tafi suna murna. Ba wanda ya lura, kowa abin da ya haddace yake ji.

Ni na san maganin. A bayan "hanya" nake satar numfashi, ɗan kaɗan, ba wanda ya taɓa kama ni. Ban rubuta shi ko'ina ba.

Bayan an tashi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Na rubuta NA GODE a wani shafi na ɗaga mata.

Lahadi, 22 ga Yuni

Malama ta sake haɗiye "ba" ɗin. Bari in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa: daɗi na ji. Allah ya gafarta mini.

Laraba, 2 ga Yuli

Na koma shago. Yara sun gano ba na iya tsawa, sai su cika wurin suna taɓa komai. Na samo rula ina buga teburin shagon da ita, sau ɗaya a yi shiru, sau biyu a fita. Abin yana aiki fiye da bakina, har na ji haushi.

Kowace safiya nakan shiga banɗaki in rufe ƙofa in gwada "aaa". Kamar ana jan kujera a siminti.

Lahadi, 6 ga Yuli

Yau na tsorata da kaina. Malama na rerawa, ni kuma ina bin ta a zuci, sai na kama kaina ina faɗin irin nata. Za ka bar ni. Ba tuntuɓen harshe ba ne, abin da ke raina ke nan tun ranar da aka cire zare. Ita numfashi ne ya gaza mata, ni fa?

Na fito kafin a sa albarka na zauna a mota ina kuka. Maigida ya zo ya zauna, ya miƙo min hankicinsa mai warin man inji.

Talata, 8 ga Yuli

Babban ɗana ya kira daga wurin aikinsa. Shi ke magana, ni ina tura masa amsa a rubuce. Na ba shi labarin yadda ake yi wa waƙarsa kisan gilla, ya yi ta dariya har da tari. Can sai ya ce, "Mama, wai lokacin da kika yi waƙar nan na riga na warke ne?"

Na tsaya ina kallon wayar. Bai warke ba. Kwanansa na sha ɗaya ne a asibiti, likitoci sun daina haɗa ido da ni, ina zaune a kujerar roba ina riƙe da ƙafarsa. Ba wanda ya yi min alkawarin zai tashi. A nan na yi ta, kuma ban yi ta don a ba ni wani abu ba. Na dai san ba ni kaɗai ba ce a ɗakin.

Yaron nan bai san abin da ya tono ba. Daga nan ya wuce zancen takalmin da ya saya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Malama ta shigo sayen jan biro. Ta biya, ta ƙi tafiya, tana ta juya biron a hannu. Daga baya ta ce tun da aka ba ta bayarwa ba ta cin abinci ranar Asabar don fargaba. Ta san akwai inda take karyewa a waƙata amma ta rasa ko ina ne, kuma kunya ta hana ta tambaya. Har ta rubuta wa Fasto takardar a nemi wata.

"Mama, ni fa ba wurinki nake so ba," in ji ta. "Riƙe miki nake yi."

Kunya ta rufe ni. Mako huɗu ina zaune ina ƙirga mata kuskure, ita tana can ba ta cin abinci.

Na janyo littafi na rubuta mata abin da take gaya wa Allah kowace Lahadi. Ta karanta, ta dafe kai, ta ce ta shiga uku. Sai dariya ta ƙwace mana mu biyu, tata da sauti, tawa babu. Na ja labulen shago, na kama hannunta na ɗora a cikina, na motsa baki ina bin layin, ta ji inda cikin ke tashi a bayan "hanya". Na mayar da hannun kan nata cikin. Sau bakwai muka yi kafin ta kama. Wani ya yi ta buga ƙofa yana neman kwali, oho, gobe ma rana ce a shago.

Sirrina na shekara sha tara, na bayar da shi a kan biro ɗaya.

Lahadi, 13 ga Yuli

"Ba" ya fito! Malama ta kafa shi daram, ta waiwayo benci na shida. Na ɗaure fuska don kada kanta ya kumbura, amma ƙafata da ke bin kiɗa ta tona min asiri.

Alhamis, 17 ga Yuli

Malama ta matsa sai na je koyon waƙa. Na tafi da rulata. Tirƙashi! Shekara da shekaru ina tsaye a gaba ina jin muryar kaina, ban san ɓarnar da ake yi a bayana ba. Masu ƙaramar murya suna jan ƙafa, maza uku baki kawai suke motsawa, mai jita kuma gudu yake kamar ana bin sa. Na bugi benci har rular ta tsage. Mai jita ya ce muryar Mama ta fi rular nan sauƙi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ban samu yin rubutu ba kwana biyu, aiki ya yi yawa. Na zauna da littafin waƙoƙinmu na sa jan ɗigo a duk inda ake numfashi, waƙa arba'in da ɗaya. Magana ta fara fita kaɗan kaɗan, a dushe. Maigida ya ce hutunsa ya ƙare.

Ina roƙo har yanzu. Kullum.

Litinin, 1 ga Satumba

Gobe.

Talata, 2 ga Satumba

Likita ya zura ɗan bututunsa mai fitila ta hancina, ya ce in ce "iii". Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja kujera kusa, wannan karon ya kalle ni sosai. Ya ce gefe ɗaya na maƙogwarona ba ya motsi, kuma a ganinsa ba zai motsa ba. Magana za ta ƙara kyau in ina yin atisayen da zai rubuta min. Waƙa irin ta da kuwa, ya ce kada in sa rai.

Na ce masa na gode, da bakina. Ya ba ni takardar sakamako na ninke na sa a jaka.

A mota maigida ya kunna ya kashe, ya ce ko mu biya wurin Fasto. Na ce a'a, kai ni gida. Na shiga ɗaki na yi kukana mai isata. Ya Ubangiji, na so ka ce e. Na so ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi min ciwo.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na ce ba zan je koyon waƙa ba. Ƙarfe huɗu na ga kaina ina neman takalmi. Maza ukun nan in ba a tsaya a kansu ba komawa za su yi gidan jiya.

Na gaya wa Malama ta daina cewa riƙe min take yi. Ta fara hawaye, na ce ta adana numfashinta, akwai aiki.

Lahadi, 7 ga Satumba

Wata tsohuwa ce ke zama kusa da ni a benci na shida, mai sayar da tsintsiya a bakin kasuwa. Muryarta ta fi tawa lalacewa, kuma ko a jikinta, buɗe baki take iya ƙarfinta. Yau da aka zo amshi ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "'Yar nan, ke ba kya yi ne? Ai ba gasa ake ba." Ba ta ma san ni ce mai waƙar ba.

Na yi. "Kana nan" ɗin ya fito a ƙasa, a shaƙe, ba daɗin ji. Mu biyu muka yi ta kwaɓa shi har aka gama. Ban taɓa faɗin wannan ɓangaren ba sai yau, kullum ni ke bayarwa wasu su amsa.

Ban ce na haƙura ba, kada a yi min sharri. Abinci dai na ci har da ƙari, Auta tana ta kallona.

Wata sabuwar waƙa ke min yawo a ka tun jiya ina wanke-wanke. Layi biyu ne kawai, kuma sama take hawa sosai, inda ko da can ba na kaiwa. Malama za ta kai. Na laluba jaka ban sami komai ba sai takardar likita, na juya bayanta na rubuta su don kada su gudu. Na sa jan ɗigon a inda za ta yi numfashi.