Katin Allura Na Ba Baffa a Madadin Tikitin Jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni akawu ne a Birnin Gwari, ni ke tattara takardun maniyyata in kai wa wakilin jirgin alhazai a Kaduna. Cikin na bana akwai wani dattijo makiyayi daga rugar bakin daji wajen Kusasu, Baffa muke ce masa. Ya riga kowa biya. Ranar da ya dangwala yatsa a takarda ya riƙe hannuna ya ce, "Malam akawu, ni ban san boko ba, kai ne idona." Ni kuwa da bakin nan nawa mai saurin rantsuwa na ce, "Wallahi Baffa kujerarka tana hannuna, sai dai in jirgin bai tashi ba."

Bayan an rufe rajista sai ga kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta, ya ce shi ma bana yake so. Ta yaya zan dubi idonsa in ce babu? Na hau mota na ratsa dajin nan har Kaduna, na yi magiya, wakili ya ce kujera ta ƙare sai dai in cire wani. Wa zan cire? Mai ɗa ma'aikaci a hukumar En'e? Wanda zai karanta takarda ya kai ƙara? Na bi sunayen sama da ƙasa, na zaɓi wanda ba zai gane ba. Aka rubuta tikiti da sunan kawu. Da Baffa ya zo karɓar nasa, katin allurar rigakafinsa na miƙa masa, mai ruwan ɗorawa da hatimi a jiki. Ya karɓa da hannu biyu. Ashe wurin baduku ya nufa, aka ɗinke masa shi cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya don kada ruwa ya taɓa, yana bi ruga-ruga yana ban kwana.

Jiya ya zo ofis da ƙwaryar man shanu. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, mutumin da a haife ya haife ni! Ya ce, "Na gama zaga jama'a neman gafara, saura kai. In na taɓa ɓata maka, ka yafe mini, ɗana."

Na ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baffa."

"To me zan roƙa maka a gaban Ka'aba?"

Na hau jujjuya takardun da ke gabana. Ya yi dariya, ya shafa layar nan ya ce, "Bar shi, na sani. Zan ce Allah ya yi maka kamar yadda ka yi mini."

Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya, abinci ma ya ƙi shiga. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron. Asabar motar maniyyata za ta tashi zuwa filin jirgi a Kano. Wakili ya ce in na isa Kaduna kafin Alhamis ana iya mayar da sunan. Amma kawu bai san kujerar wani ya hau ba, ya sayi haraminsa, jikoki har sun fara kiransa Alhaji. Tikiti ɗaya ne a aljihun teburina, dattawa biyu kuma kowanne ya gama sallama da mutanensa.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?